Ido ko alƙaluma: gardamar auna ƴan baya a wasan hoki na ƙanƙara

A ranar 29 ga watan Yunin 2016, ƙungiyar Canadiens ta birnin Monreyal a Kanada ta yi wata musayar ƴan wasa da har yau magoya bayanta ba su gama cacar baki a kanta ba. Ta bai wa ƙungiyar Predators ta birnin Nashville a Amurka ɗan wasanta na baya P.K. Subban, mai shekara 27, ta karɓi Shea Weber, shi ma ɗan baya, mai shekara 30.

Dukansu biyu gwanaye ne, amma kowa da irin kiwon da ya karɓe shi. Subban mai gudu ne da iya fita da ƙwallo, kuma ya lashe kyautar ɗan baya mafi ƙwarewa a 2013. Weber ƙato ne mai ƙarfin bugu, wanda abokan hamayya ke shakkar tunkararsa a bakin raga. Masu nazarin alƙaluman wasa sun ce an tafka asara, domin lissafinsu ya nuna Subban ya fi amfani kuma ya fi ƙuruciya. Shugabannin ƙungiyar, ƙarƙashin Marc Bergevin, sun tsaya kan abin da suka gani da idonsu. Kafofin watsa labarai na Kanada sun ruwaito cewa masanin alƙaluman da ƙungiyar ta ɗauka ya ba da shawarar kada a yi musayar, kuma ba a sabunta kwantiraginsa ba bayan haka.

Wannan musaya ta fito da wata tsohuwar gardama fili: idan za a auna ɗan baya, kallon wasa za a dogara da shi ko lissafi?

Yadda wasan yake

Ana buga hoki a kan filin ƙanƙara mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26. Ƴan wasa na zamiya da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna tura ƙwallo da sanda mai lanƙwasa. Ƙwallon kanta ba zagayayya ba ce irin ta ƙwallon ƙafa, wani baƙin faifan roba ne mai tauri, mai nauyin kusan giram 170.

Kowace ƙungiya na da mutum shida a fili: mai tsaron raga, ƴan baya biyu da ƴan gaba uku. Ana wasan a zango uku na minti 20 kowanne. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili kafin ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Babban ɗan baya kan tara minti 24 zuwa 28 a cikin minti 60, fiye da kowa in ban da mai tsaron raga.

Gasar da ta fi kowace girma ita ce NHL, wadda aka kafa a Monreyal a 1917, kuma a yau tana da ƙungiyoyi 32: bakwai a Kanada, 25 a Amurka. Tun kakar wasa ta 1953-54 ake ba ɗan baya mafi ƙwarewa Kofin Norris, kuma ƴan jarida masu rubutu kan wasan ne ke kaɗa ƙuri'ar zaɓensa.

Auna ɗan gaba ba shi da wuya sosai, tun da aikinsa zura ƙwallo ne ko taimaka wa wani ya zura, kuma duk ana ƙirgawa a matsayin maki. Matsalar ɗan baya ita ce mafi kyawun aikinsa abin da bai faru ba ne. Ya tsaya inda ya kamata, sai abokin hamayya ya fasa miƙa ƙwallo. Ya sa sanda a hanya, sai hari ya mutu tun bai fara ba. Babu wanda ke tafa wa wannan, kuma babu gurbinsa a takardar sakamako.

Abin da ido ke gani da abin da yake mantawa

Masu goyon bayan kallo, waɗanda akasarinsu tsofaffin ƴan wasa ne da kociyoyi da masu zaƙulo ƴan wasa, hujjarsu ita ce gani ya kori ji. Wanda ya san wasan zai gane tazarar da ɗan baya ke bari tsakaninsa da mai kawo hari, da yadda yake waiwaye kafin ya ɗauki ƙwallo a bayan raga, da ko ya san lokacin da zai haura gaba da lokacin da zai zauna. Zai kuma gane wanda ya yi kuskure a zahiri idan aka ci ƙungiya, domin sau da yawa wanda kyamara ta nuna kusa da raga yana ƙoƙarin gyara ɓarnar wani ne.

Nicklas Lidström ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi kaka 20 a ƙungiyar Detroit kuma ya lashe Kofin Norris sau bakwai, shi ne misalin da ake yawan kawowa. Ba kasafai yake bangazar mutum ba, tsayuwa daidai da sarrafa sanda ne makamansa. A wannan zamani akwai Jaccob Slavin na Carolina, wanda a kakar 2020-21 aka hukunta shi na minti biyu kacal, alhali shi ake turawa ya tare manyan ƴan gaban abokan hamayya.

Sai dai ido na da nasa rauni. Na farko, ba ya iya ganin komai. Kowace ƙungiya ta daɗe tana buga wasa 82 a kaka, wato wasanni 1,312 a gasar baki ɗaya, kuma babu ɗan jarida ko kocin da zai kalle su duka. Na biyu, ido na bin ƙwallo, alhali yawancin aikin ɗan baya yana nesa da ita. Na uku, ƙwaƙwalwa na riƙe abin da ya yi ƙara. Ɗan bayan da ya fitar da ƙwallo lafiya sau ashirin ya kuma ɓarar da ita sau ɗaya aka ci, da wannan ɗayar za a riƙa tuna shi. Wanda kuwa ya haɗa mutum da bango har filin ya ɗauki sowa, za a kira shi jarumi, ko da ya bar wurinsa a buɗe ne don ya yi hakan.

Tsohon ma'auni

Su ma masu dogara da kallo suna amfani da lambobi, sai dai tsofaffi ne. Mafi shahara shi ne ma'aunin ƙari da ragi, wanda NHL ta fara rubutawa a hukumance a kakar 1967-68. Idan ƙungiya ta zura ƙwallo, duk ɗan wasanta da ke fili ana ƙara masa ɗaya. Idan aka zura mata, a rage masa ɗaya. Ba a lissafa ƙwallon da ƙungiya ta ci a lokacin da aka fitar wa abokan hamayyarta da ɗan wasa saboda laifi. Bobby Orr na Boston, wanda ya lashe Kofin Norris sau takwas a jere daga 1968 zuwa 1975, shi ke riƙe da tarihi da ƙari 124 a kakar 1970-71.

Aibin wannan ma'auni shi ne ƙwallaye ba su da yawa. A wasa guda, ƙungiyoyi biyu kan zura kamar shida a haɗe, kuma masu tsaron raga na tare kusan tara daga kowane bugu goma. Saboda haka sa'a na taka rawa sosai. Ɗan bayan da mai tsaron ragarsa ke cikin mummunan wata zai tara ragi ba tare da wasansa ya sauya ba. Haka kuma wanda ya shigo fili daƙiƙa biyu kafin a ci, da shi za a raba laifin.

Corsi da ƴan uwansa

A tsakiyar shekarun 2000, wasu masu sha'awar wasan da ke rubutu a intanet suka fara neman abin da ya fi ƙwallaye yawa. Wani mai suna Tim Barnes, wanda ke rubutu da sunan Vic Ferrari, ya yaɗa hanyar ƙirga duk bugun da aka kai wa raga, ko ya shiga, ko mai tsaro ya tare, ko ya kauce, ko wani ya tare da jikinsa. Ya sa wa ma'aunin sunan Jim Corsi, kocin masu tsaron raga na ƙungiyar Buffalo a wancan lokaci.

Lissafin ba shi da sarƙaƙiya. Idan a lokacin da ɗan wasa ke fili ƙungiyarsa ta kai bugu 60, abokan hamayya suka kai 40, to Corsi ɗinsa kashi 60 cikin 100 ne. Sama da 50 na nufin wasan ya fi karkata zuwa ragar abokan hamayya. Tun da irin wannan bugu ya ninka ƙwallaye fiye da sau goma, sa'a ba ta cika rinjayarsa ba. Daga baya aka fito da Fenwick, wanda ke cire bugun da aka tare da jiki, da kuma PDO, wanda ke haɗa kason bugun ƙungiya da ya shiga da kason da mai tsaron ragarta ya tare. Jimillar kan dawo kusa da 100 idan aka daɗe, don haka wanda ya yi mata nisa sosai, akwai alamun sa'a ce ke ɗauke da shi ko take kayar da shi.

Kakar 2013-14 ta ba masu lissafi babbar hujja. Ƙungiyar Toronto ta riƙa cin wasa duk da cewa ana yi mata ruwan bugu kusan kowane dare. Masu alƙaluma suka yi ta gargaɗin cewa hakan ba zai ɗore ba. A ƙarshen kakar ta sha kashi a wasa 12 daga cikin 14 na ƙarshe, ta kasa shiga zagayen neman kofi. A bazarar 2014 ƙungiyoyi suka fara ɗaukar waɗannan marubuta aiki. Toronto ta ɗauki Kyle Dubas, matashin shugaba mai ra'ayin alƙaluma, Edmonton ta ɗauki Tyler Dellow, Carolina kuma ta fara aiki da Eric Tulsky, masanin kimiyyar haɗa sinadarai wanda ya zama babban manajanta a 2024. A 2015 ita kanta NHL ta fara wallafa irin waɗannan alƙaluma a shafinta.

Batun Kris Russell

Babu ɗan wasan da ɓangarorin biyu suka fi jayayya a kansa kamar Kris Russell. A kakar 2014-15, yana ƙungiyar Calgary, ya tare bugu 283 da jikinsa, abin da ya kafa tarihi. Ƙwallon da ke tafe da gudun fiye da kilomita 140 a awa kan karya ƙashi, don haka kociyoyi da abokan wasansa na ganin girmansa ƙwarai.

Masu lissafi kuwa suka juya tambayar: me ya sa yake da bugu mai yawa haka da zai tare? Amsarsu ita ce, idan yana fili ƙwallo na daɗewa a gidan ƙungiyarsa. Yana ja da baya ya bar masu hari su shigo, kuma idan ya samu ƙwallo yakan wurgar da ita waje ne maimakon ya miƙa wa abokin wasa, sai ta sake dawowa. A ganinsu, mai yawan kashe gobara a gidansa ya kamata a tambaye shi daga ina wutar ke tashi. Masu kare shi suka ce da gangan yake barin bugu daga nesa don ya toshe tsakiya, kuma Corsi ba ya bambanta bugu mai haɗari da mara haɗari. A 2017 Edmonton ta ba shi kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 16, wato kusan miliyar 9 na kuɗin sefa.

Inda alƙaluma ke tuntuɓe

Wannan suka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ita ta haifar da ma'aunin da ake kira xG, wato ƙwallayen da ake sa ran ci, wanda masu kallon ƙwallon ƙafa ta Turai suka saba gani a talabijin. Ana ba kowane bugu ƙima gwargwadon nisansa da kusurwarsa da irinsa, bisa yadda dubban bugu makamantansa suka ƙare a baya.

Duk da haka babbar matsalar tana nan. Mutum biyar ne ke fili tare, kuma lamba ɗaya ake rubuta musu duka. Ɗan bayan da aka haɗa da gwani zai yi kyau a takarda ko da ɗaukar sa ake yi. Wanda koci ke turawa ya fara wasa a gidansa, yana fuskantar manyan ƴan gaba, alƙalumansa za su yi ƙasa da na wanda ake ajiyewa don sauƙaƙan mintuna. Ƙungiyar da ke kan gaba da ci kan ja da baya ta kare, sai bugun da ake kai mata ya ƙaru. Tsarin koci ma na iya ɗaga ɗan wasa ko ya danne shi.

Masana na ƙoƙarin gyara duk wannan, misali ta kwatanta yadda ƙungiya take idan ɗan wasan na fili da yadda take idan yana benci. Amma kowane gyara yana ɗauke da zaton wanda ya tsara shi, shi ya sa tsari biyu kan ba da amsa biyu a kan mutum ɗaya. Bugu da ƙari, mutane ne ke zaune a kowane fili suna rubuta waɗannan abubuwa da hannu, kuma an daɗe da gano cewa wani fili ya fi wani yawan rubuta bangaza ko tare bugu. Ke nan su kansu alƙaluman daga idon wani suka fito.

Karlsson da Doughty

Zaɓen Kofin Norris na 2016 ya nuna cewa rabuwar ba ta miƙe kamar yadda ake zato ba. Erik Karlsson na Ottawa ya tara maki 82 a wasa 82, kuma ya fi kowa a gasar taimakawa a ci, har sau 66. Drew Doughty na Los Angeles ya tara maki 51. Doughty ne ya lashe.

Masu zaɓen Doughty sun ce ya fi iya tsaro, kuma ƙari 24 gare shi yayin da Karlsson ke da ragi biyu. Corsi ɗinsa ma ya fi na Karlsson. Magoya bayan Karlsson suka amsa cewa Los Angeles ce ƙungiyar da ta fi kowace mallakar ƙwallo a wannan kaka, yayin da Ottawa ke durƙushewa da zarar Karlsson ya fita. Kowane ɓangare na da ido, kowane na da lamba. Ainihin saɓanin shi ne ma'anar tsaro: hana abokin hamayya ci a gidanka, ko riƙe ƙwallo a gidansa har ya rasa damar kawo hari?

Ra'ayin masu zaɓe ma ya sauya da zamani. Rod Langway na Washington ya lashe kofin a 1983 da ƙwallo uku kacal. Bayan shekara 40, a 2023, Karlsson ya lashe shi karo na uku da maki 101 a ƙungiyar San Jose, duk da ragi 26 da ke kansa.

Abin da ke cikin gardamar

Batun ya wuce hira a wurin shan shayi. Tun 2005 NHL ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya. An fara da dala miliyan 39, ya kai miliyan 88 a kakar 2024-25. Ƙungiya ba za ta iya rufe kuskure da kuɗi ba kamar yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ke yi. Idan ta ba ɗan bayan da bai cancanta ba doguwar kwantiragi, ta rasa kuɗin riƙe wani na shekaru. Ga ɗan wasa kuwa, irin ma'aunin da aka auna shi da shi na iya zama bambanci tsakanin miliyoyi da komawa ƙaramar gasa.

Wanda ya iya karanta alƙaluma kuma kan tsinci dami a kala. A Oktoban 2020 Colorado ta karɓo Devon Toews daga New York Islanders, wadda iyakar albashi ta matse, ba tare da ta ba da ko ɗan wasa ɗaya daga cikin tawagarta ba, sai damar zaɓen matasa biyu. Sunansa bai yi ƙara ba a lokacin, amma lambobinsa na da kyau. Aka haɗa shi da Cale Makar, suka ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a 2022.

Inda aka kwana

A yau da wuya a samu ƙungiyar NHL da ba ta da sashen nazarin alƙaluma, kuma babu wadda ta sallami masu kallo. Gasar ta sa na'urori a cikin ƙwallo da rigunan ƴan wasa, tare da kyamarori a rufin filaye, kuma a 2023 ta buɗe wa jama'a wani ɓangare na bayanan da sunan NHL EDGE. Kamfanoni irin su Sportlogiq na Monreyal na amfani da kwamfuta wajen bin motsin ƴan wasa a bidiyo. Abubuwan da a da sai ido ke gani, kamar tazarar da ɗan baya ke bari ko sau nawa ya hana a shigo gidansa da ƙwallo, yanzu ana ƙirga su.

Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne a bar alƙaluma su yi tambaya, bidiyo ya ba da amsa. Idan lamba ta nuna ana yawan kai wa ƙungiya hari lokacin da wane ke fili, sai a zauna a kalli mintunansa don a gano ko laifinsa ne, ko na abokin tsayuwarsa, ko umarnin koci. Idan kuma mai kallo ya dawo yana yabon wani da ya gani sau uku, sai a duba ko sauran wasanni 79 sun yarda da shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai mai sayen hatsi da yawa ba ya barin mudu a gida.

Ita kuwa musayar Monreyal, ba ta raba gardama ba. Subban ya kai Nashville wasan ƙarshe na Kofin Stanley a 2017, inda Pittsburgh ta doke su, kuma ya shiga jerin mutum uku na ƙarshe a zaɓen Norris na 2018. Daga nan wasansa ya ja baya, aka tura shi New Jersey a 2019, ya yi ritaya a 2022. Weber ya zama kyaftin ɗin Canadiens a 2018, ya jagorance ta zuwa wasan ƙarshe a 2021, inda Tampa Bay ta yi nasara, kuma raunuka suka hana shi sake buga wasa bayan nan. Masu lissafi sun yi hasashen Subban zai fi daɗewa yana tashe, hakan bai tabbata ba. Masu ido sun sa ran Weber zai kawo kofi, shi ma bai zo ba. Har yanzu Monreyal na jiran kofin da ta ɗauka na ƙarshe a 1993 ya samu magaji.